Filin Tambaya da Amsa: A gida nake koya musu, wane aji zan ɗora kowa?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, iyayen da suka koma koyar da yaransu a gida, wasu kuɗin makaranta ne ya fi ƙarfinsu, wasu rashin tsaro, wasu lalurar yaro, wasu kuma suna ƙasar waje. Na zaɓo biyar, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA TA FARKO

Salam Malama, dan Allah ki taimaka min da shawara. Yarana uku ne, babban namiji shekararsa 11, mai bi masa mace 8, sai autan 5. Tun zangon da ya wuce muka cire su daga makarantar kuɗi saboda an ƙara kuɗin kuma aikin mai gidan ya tsaya, ta gwamnati kuma tana da nisa sosai da unguwar da muka koma, toh sai nace tunda ina da NCE bari in riƙa koya musu a gida kafin Allah ya kawo mafita. Naje kasuwa na siyo wa babban littafan aji biyar tunda ajin da yake kenan, ita kuma na aji uku, amma wallahi Malama abin ya bani tsoro, in na bashi ya karanta sai ya riƙa tsayawa yana cinye kalmomi, lissafin rabawa kuwa ko kusa, ita ƙanwar tasa har nasa littafin take ɗauka ta karanta a gabansa, yanzu da ance karatu sai yace cikinsa ke ciwo. Babansu yace in matsa masa kawai wasa ne ya masa yawa. Ya zanyi, in mayar da shi aji uku ne ko yaya?
Wata uwa daga Kaduna

AMSA

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya buɗa wa mai gida, ke kuma ya saka miki da alheri da wannan ɗawainiyar. Kar ki mayar da shi aji uku, kar kuma ki barshi a aji biyar, tukunna dai, domin har yanzu ba ki san inda yake ba, abin da kika sani shine ajin da aka rubuta masa a rifot, kuma kinsan makarantun kuɗi da yawa basa iya cewa yaro ya maimaita aji saboda tsoron kar iyaye suyi fushi su cire shi, haka za'a riƙa tura yaro gaba duk shekara giɓin yana ƙara faɗi babu wanda ya tsaya ya duba.

Abin da za ki fara yi gwaji ne, kuma ba sai kin kashe ko sisi ba. Ki samu safiya ɗaya ki zauna da kowane yaro shi kaɗai, ba a gaban 'yan'uwansa ba, kar ma ki kira shi jarabawa. Ki rubuta da hannunki a manyan haruffa abu huɗu: baƙaƙe da wasula guda goma a warwatse, kalmomi goma masu sauƙi irin su gida, ruwa, kaza, tulu, sai ɗan sakin layi mai jimla huɗu, sai gajeren labari mai layi takwas zuwa goma. Ki fara bashi sakin layin. In ya karanta shi kamar mai magana ba tare da ya yi kuskure fiye da biyu ko uku ba, ki hau da shi zuwa labarin ki masa tambaya biyu a kai kiga ko ya gane ko bakinsa ne kawai ya karanta. In ya kasa sakin layin ki sauko kalmomi, in ya kasa kalmomin ki sauko baƙaƙe. Kiyi wannan da Hausa, washegari ki sake yin irinsa da Turanci, domin sau da yawa sakamakon biyun baya zama ɗaya. Lissafi ma haka, ya gane lambobi 1 zuwa 9, ya gane 10 zuwa 99, ya iya ɗebewa mai aro kamar 52 a cire 27, ya iya rabawa kamar 517 a raba gida 4. Inda ya tsaya, nan ne za ki fara.

Wannan gwajin ba ni na ƙirƙiro shi ba. Wata ƙungiya ce a Indiya mai suna Pratham take amfani da irinsa tun 2005 tana bi ƙauye ƙauye gida gida tana gwada yara, shekara da shekaru suna samun kusan rabin 'yan aji biyar na karkara basa iya karanta labarin 'yan aji biyu, kinga ashe matsalar ɗanki ba tashi bace shi kaɗai. Daga nan suka fito da tsarin da ake raba yara gwargwadon abin da suka iya ba gwargwadon shekaru ko aji ba, masu bincike irin su Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, sun gwada tsarin sun ga yana aiki. An kawo shi nan gida ma, an yi shi a Borno, an yi a Kano a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa.

Kuma in kika duba mu ba baƙin wannan tsarin bane. A makarantar allo yara talatin suna zaune wuri ɗaya amma kowa da allonsa, wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, wani ya yi nisa a izifi, kuma malam baya cewa kaje ka wanke allo dan kawai ka cika shekara goma, sai ka biya ya ji ya zauna. Haka nake so ki ɗauki karatun bokon nan na cikin gidanki.

Yanzu ga inda iyaye suke yawan kuskure. Yaro ba aji ɗaya gare shi ba, kowane darasi da matakinsa. Zai iya yiwuwa ki samu babban naki yana matakin aji biyu a karatun Turanci, aji uku a lissafi, amma hankalinsa da fahimtarsa na ɗan shekara 11 ne cif. Toh karatu da rubutu da lissafi su ne za ki saukar masa zuwa inda yake, domin su hawa hawa ne, wanda bai iya ɗebewa ba bazai taɓa iya doguwar rabawa ba tunda a cikin kowace rabawa akwai ninkawa da ɗebewa. Amma kimiyya, tarihi, sanin ƙasa, sira, fiƙihu, waɗannan kar ki rage masa komai, ke ki karanta musu da baki ki fassara kuyi hira, su ukun a tare. Misali yau darasin ruwa ne, yadda rana take ɗaga shi ya zama girgije ya dawo ruwan sama. Ki ɗora tukunya a wuta su ga tururi yana taruwa a murfi yana ɗiga. Autan ya zana girgije, ta tsakiyar ta rubuta jimla biyar, babban ya miki bayani da bakinsa me yasa rijiya take ja baya a watan Afrilu. Darasi ɗaya, aiki kala uku, ke ma kin huta da shirya abu uku.

Maganar ciwon cikin nan kuwa ita tafi damuna a duk wasiƙar taki. Yaro namiji ɗan shekara 11 ƙanwarsa tana karanta littafinsa a gabansa, wannan ba ƙaramin abu bane a zuciyarsa, kunya ce take cinsa ba wasa ba, kuma da girmamawa nake cewa ki lallaɓa babansu ki fahimtar da shi, matsi baya koya wa yaro abin da ba'a taɓa koya masa ba, sai dai ya sa ya tsani littafi gaba ɗaya. Ki ware masa lokacinsa shi kaɗai, ko da asuba bayan sallah ko lokacin da ƙanwar take wani aikin. Littafan da za ki siyo masa na ajin ƙasa ki naɗe bangon da takarda yadda lambar ajin bazata riƙa kallonsa ba, ko ma ki riƙa kwafo aikin a littafin rubutunsa. Ki ja kunnen yarinyar cikin hikima ta daina taɓa littafan yayanta, ba dan tayi laifi ba, ita ma ki samo mata abin da zai ƙure ta, in ta cinye gwajin labari da fahimta ki bata na aji huɗu a karatu ko da lissafinta yana aji uku. Sannan ki naɗa shi malamin autan, shi zai riƙa koya masa baƙi da wasali, ba be bi bo bu, minti goma kullum. Yana koyarwa yana toshe nasa ramukan, kuma girmansa na yaya ya dawo.

Shi autan kar ki wahalar da shi, a tsarin ƙasa shekara 6 ake shiga aji ɗaya. Minti goma sha biyar zuwa ashirin sun ishe shi, sautin baƙaƙe, ƙirga wake ko murafen lemo, riƙe fensir, tatsuniya. Manyan biyun kuma rabin awa karatu, rabin awa zuwa minti arba'in lissafi, sai darasin haɗaka, in kin samu awa biyu zuwa uku masu kyau a rana kin yi abin da aji mai yara sittin baya yi a yini. Wajen zaɓen littafin karatu ki buɗe shafi ɗaya ki bashi, in kalmomin da suka gagare shi sun wuce biyar a shafin littafin ya masa nauyi, in babu ko ɗaya ya masa sauƙi. Wajen ƙara mataki ni abin da nake bi shine ya ci takwas ko tara cikin goma a ranaku daban daban ba tare da an taya shi ba. Duk bayan wata ɗaya ko sati shida ki sake gwajin da sabbin kalmomi. Za ki ga babban yana gudu fiye da yadda kike zato, domin ɗan shekara 11 baya buƙatar shekara guda ya gama aikin aji biyu, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta nuna, tushen ne kawai babu. Littafan aji biyar ɗin ki adana su, zai zo ya same su.

Abu na ƙarshe da ya zama dole in faɗa miki, dokar UBE ta 2004 ta ɗora wa iyaye nauyin tura yaro makaranta har ya gama firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara kenan, kuma jarabawar gama JSS3 ta hannun makaranta ake rajistarta. Saboda haka ki ɗauki zaman gidan nan a matsayin na wucin gadi, ki riƙa rubuta kwanan wata a duk aikin da suka yi ki adana littafan, ranar da za su koma ki tafi da su ki nuna wa hedimasta.

TAMBAYA TA BIYU

Malama barka da aiki. Ni karatu ya kawo ni Ingila da iyali, nan da shekara biyu in sha Allah zamu dawo gida. Yara biyu ne, 9 da 6, uwargida ce take koya musu a gida saboda wasu dalilai namu. Mun sayi littafin lissafi na Amurka an rubuta Grade 3, mun sayi na nan an rubuta Year 3, an kuma aiko mana na gida na Primary 3, duk uku uku ne amma abin da ke ciki ya sha bamban, ɗaya yayi wa yaron sauƙi ɗaya kuma yana kuka a kansa. Wanne ne daidai?
Wani uba daga Ingila

AMSA

Barka kadai Malam, Allah ya bada sa'ar karatu, a gaida uwargida. Ukun nan ba uku ɗaya bane. A Ingila yaro yana shiga Reception yana 4 zuwa 5, Year 1 yana 5 zuwa 6, saboda haka Year 3 na 'yan 7 zuwa 8 ne. A Amurka kuwa ɗan shekara 5 yana Kindergarten, sai yakai 6 yake shiga Grade 1, kenan Grade 3 na 'yan 8 zuwa 9 ne, daidai da Year 4 na Ingila. Namu na gida a takarda tafiyarsa ɗaya da na Amurka tunda aji ɗaya shekara 6 ne, sai dai kasan yadda makarantun kuɗi suke saka yara da wuri. A taƙaice lambar Ingila tana gaban ta Amurka da tamu da ɗaya. Ɗanka mai shekara 9 a lissafin shekaru yana Year 4 ko Year 5, ya danganta da watan haihuwarsa tunda su daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta suke yanke shekarar makaranta, shi yasa na Year 3 ɗin zai masa sauƙi.

Amma ko wannan lissafin kar ka tsaya a kansa. Kamfanonin da suke buga littafan masu koyarwa a gida, irin su Saxon da Singapore Math da Math-U-See, duk suna da gwajin tantance mataki kyauta a shafukansu, a sauke a buga yaro ya zauna yayi shi kaɗai babu mai leƙa masa, kafin a kashe fam ko ɗaya. Math-U-See ma basa rubuta aji a bango, sunayen haruffan Girka suke sawa, Alpha, Beta, Gamma, dan kar yaro da iyaye su maƙale wa lamba. Na Singapore kuma kowace shekara an raba ta A da B kuma suna da zurfi, ba abin mamaki bane yaro mai ƙoƙari ya faɗo rabin shekara ko shekara ƙasa da ajinsa a gwajinsu, wannan ba faɗuwa bace. Akwai kuma bambancin salo da ya kamata uwargida ta lura da shi, Saxon yana kawo abu kaɗan kaɗan yana ta dawowa da na baya kullum, na Singapore yana zama a kan abu ɗaya sai an ƙoshi, daga abin taɓawa zuwa zane zuwa lambobi. Yaro mai saurin mantuwa na farkon ya fi masa, mai saurin gundura kuma maimaicin zai ishe shi.

Shawarata tunda gida zaku dawo, ku riƙe na Ingila a lissafi ya zama shine ginshiƙi, domin na Amurka cike suke da inci da mil da galan da kuɗinsu, mu kuma mita da kilo da lita muke yi, rubutun Turancinmu ma na Ingila muke bi. Na gida ku riƙa buɗe shi sau ɗaya a sati dan lissafin naira da sanin ƙasa da tarihi. Littafi ɗaya a kowane darasi ya isa, tara uku a kan yaro ɗaya shine yake kawo kukan nan. In kana son ma'auni, makarantun Ingila suna gwada 'yan Year 4 haddar ninkawa har 12 sau 12, suna kuma gwada 'yan Year 1 haɗa sautin haruffa a ƙarshen shekara, toh ga abin da zaka auna yaranka biyu da shi. Ta fuskar doka, sashe na 7 na dokar ilimi ta Ingila ta 1996 ya yarda da karatu a makaranta ko ta wata hanyar, da sharaɗin ya zama cikakke kuma ya dace da shekarun yaro da ƙarfinsa da baiwarsa da duk wata buƙata ta musamman da yake da ita. In yaran sun taɓa shiga makaranta a can sai an rubuta wa makarantar a cire sunansu, kuma ka tuntuɓi kansil ɗinku, wato ƙaramar hukumarku, kaji ƙa'idar da suke bi yanzu. Dan Allah kuma a riƙa musu Hausa a gida.

TAMBAYA TA UKU

Anti 'yata shekararta 7 amma masha Allah tana karanta littafan 'yan aji biyar, mai mata lesin a gida yace mu tsallake da ita ta zana kwaman entirans baɗi. Muyi?
Wata uwa daga Abuja

AMSA

Allah ya ƙara mata basira ya kare ta. Ni dai ban goyi baya ba 'yar'uwa. Kiyi lissafin da kanki, in ta shiga JSS1 tana 8 zata gama sakandare tana 14, alhali shekara 16 ne mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, kenan zata zo ta zauna jira, bayan ta shafe shekara shida cikin 'yan matan da suka girme ta da shekara uku ko huɗu a daidai lokacin da wannan tazarar take da nauyi sosai. Sannan kin faɗa min karatunta, baki faɗa min lissafinta da rubutunta ba, yawancin yara masu saurin karatu hannunsu da lissafinsu suna nan a shekarunsu. Amfanin gida ai shine ba sai an tsallake da ita gaba ɗaya ba. Ki bata littafan karatu masu nauyi iya yadda take so, amma ki riƙa fara dubawa domin iya karanta abu daban dacewarsa da 'yar shekara 7 daban. A lissafi a bata masu sa tunani a matakinta maimakon a ruga da ita gaba, ta fara rubuta nata labaran, a ƙara mata Larabci ko hadda. Kuma a barta tayi wasa.

TAMBAYA TA HUƊU

Malama ɗana yana da sikila, shekararsa 10, rabin zango a asibiti muke yinsa shi yasa muka haƙura da makaranta nake koya masa da kaina. Abin da na koya masa yau gobe ya manta, har yanzu yana juya b da d, 'yan'uwan babansa har sun fara ce masa daƙiƙi, ni kuma in na tuna wahalar da yake sha bana iya takura masa. Daga ina zan fara?
Wata uwa daga Gusau

AMSA

Allah ya bashi lafiya, ya baki ladan jinya, wasiƙarki ta taɓa min zuciya. Kafin maganar littafi akwai abin da nake so kiyi a zuwanku asibiti na gaba, ki faɗa wa likitansa wannan maganar ta mantuwa kamar yadda kika faɗa min, kar ki ɗauka ba huruminsa bane. Sikila tana iya toshe ƙananan jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa ba tare da an ga wata alama a jiki ba sai dai a ga karatun yaro yana ja baya, ƙarancin jinin kansa ma yana kawo gajiya da rashin tattara hankali. Ba ina cewa abin da ke damunsa kenan ba, likita ne zai duba, amma ya kamata ya sani. A duba idonsa da kunnensa kuma, yara da yawa da ake kira daƙiƙai allon ne basa gani ko maganar ce bata isa kunnensu da kyau.

Juya b da d abu ne da aka saba gani har wajen shekara 7. A shekara 10 yana iya zama saboda karatun da ya yi ta yankewa ne, yana iya zama kuma lalurar nan ta wahalar karatu da ake kira disleksiya, wadda bata da alaƙa da ƙarancin hankali ko kaɗan. Ko wanne ne hanyar koyarwar kusan ɗaya ce, sauti ɗaya bayan ɗaya a jere, yana gani yana furtawa yana rubutawa da yatsa a faranti mai yashi ko gari, a koyi b ta zauna sosai kafin a kawo d, kar a haɗa su sati ɗaya. Kiyi masa gwajin da na bayyana a amsar farko, sai ki fara daga mataki ɗaya ƙasa da inda ya tsaya, da gangan, dan ya ɗanɗani daɗin cin abu daidai, yaron da aka daɗe ana kira da wannan sunan yana buƙatar ya ga da idonsa cewa yana iyawa. Zama gajere, minti goma zuwa sha biyar sau biyu ko uku a rana, da ruwan shansa a kusa, kuma kowane zama a fara da na jiya. Bayan duk kwanciyar asibiti ki koma baya da sati ɗaya ko biyu, ki saka wannan a cikin tsarinki tun farko dan kar ki riƙa ganinsa kamar asara. Ranar da jiki ya ƙi, ki karanta masa labari kawai ko ya saurari karatu, shima karatu ne. Tausayin da kike ji daidai ne amma kar ya kai ki ga barinsa haka, yana da haƙƙin ya iya karatu kamar kowa. Su kuma masu kiransa da wancan sunan, babansa ne ya kamata ya tsawatar, ki same shi ku yi maganar a tsanake.

TAMBAYA TA BIYAR

Malama ina wuni. 'Yata tayi aji uku a Katsina, yanzu mun dawo Maraɗi wurin aikin babanta, ba ta jin Faransanci ko kaɗan, muna son mu shirya ta a gida kafin a koma lakwal, wato makaranta. Wane aji ya dace da ita kuma da wane harshe zan fara?
Wata uwa daga Maraɗi

AMSA

Lafiya lau 'yar'uwa, a gaida mutanen Maraɗi. Firamaren Nijar ma shekara shida ce, CI, CP, CE1, CE2, CM1, CM2, kenan aji ukun da ta gama shine CE1, a lissafin shekaru CE2 zata shiga. Lissafinta ki gwada shi da Hausa, in ya kai toh ya kai, sunayen lambobi da kalmomin tambaya ne kawai za'a koya mata da Faransanci, kuma a kula da 70 zuwa 99 domin ƙirgarsu a nan tana rikita sabon shiga. Faransancin kuwa daga littafin CI za'a fara ba kunya, amma da baki tukun, gaisuwa, sunayen abubuwa, umarnin da mushe, wato malamin lakwal, yake bayarwa a aji, kafin a zo rubutu.

In har bata iya karanta Hausa da kyau ba ki fara da ita, domin Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, yaro yana saurin kama yadda baƙi da wasali suke haɗuwa su bada gaɓa, kuma wannan dabarar sau ɗaya ake koyonta, sauran harsuna ɗorawa ake. An gwada wannan a Ile-Ife daga 1970 ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, aka koyar da wasu yara da Yarbanci duk shekara shidan firamare ana basu Turanci a matsayin darasi, kuma basu gaza takwarorinsu ba har a Turancin. Tunda a watan Oktoba ake komawa, ku je ku ga daraktan lakwal ɗin tun yanzu ku ji ko zai mata gwaji, in yace ta fara daga CE1 dan harshen ya zauna ku karɓa, sai ku ci gaba da lissafin CE2 a gida da yamma.